Zomon da Ya Fi Rago Tsada

Da an gama kaka, gonakin Gwiwa da Roni sun zama fili, sai ciwon farauta ya motsa. Harsashin bindiga mai baki biyu ya yi tsada, don haka sabon shiga yakan koma ga bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Hujjar kowa ɗaya ce, wai ta fi sauƙin kuɗi.

Wanda ya fi kowa yarda da wannan hujja shi ne mai lissafi. Yana da littafin 'yan makaranta, ya rubuta kuɗin albarushi, ya raba da yawan harbi, ya gano cewa kowace fakara za ta zo masa ƙasa da kuɗin ƙwai. Bai sa man babur ba, bai sa tuwon karnuka biyu ba, bai sa batirin fitilar goshi ba. Babban abin kuma, a cikin littafin nan bai taɓa kuskure ba, duk harbi nama ne. Sahihin lissafi yana wajen uwargida, wadda kan ɗaga abin da ya kawo ta kunne ta ce, "Maigida, wannan zomon na dubu nawa ne?"

Sai mai son araha. Tsohuwar bindiga ya saya, an ɗaure ta da robar tayar keke, albarushinsa kuma ya sha damina a ƙarƙashin gado. Idan ya ja kunama, bindigar sai ta yi shawara tukuna. A dajin Babura, kafin ta yanke hukunci, zomo ya shiga Jamhuriyar Nijar.

Mai ado kuwa daga burgami ya fara, ya sayi layu, kambu da wuƙa mai kube, kuɗi suka ƙare. Bindiga aro yake yi.

Akwai mai sakin hannu, wanda ya ɗauki yawan albarushi a matsayin jarunta. Za ka gane shi da rashin gira, da kuma yadda Sarkin Baka ke tura shi can ƙarshen sahu. Nasa dai ba duka ne abin dariya ba. Baƙin ƙarfen da ba a san maƙerinsa ba yana iya tsagewa, kuɗin asibiti kuma bai taɓa mayar wa kowa da yatsa ba.

Mai takarda shi ake yi wa ba'a a majalisa. Ya ji cewa Dokar Makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon wajabta lasisi ko da a kan bindigar toka, sai ya yi ta safa da marwa tsakanin gida da ofishin 'yan sanda, takardunsa cikin leda. Ba'ar takan ƙare a shingen bincike na hanyar iyakar Katsina, inda shi ke wucewa, saura su tsaya bayani.

Ni dai ɗan bindigar Sarki nake gani da daraja. Ranar hawan Sallah a Kazaure, albarushi zalla yake ɗurawa, ba harsashi, ya saita sama, ya saki. Dawakai su zabura, yara su toshe kunne, mata su rangaɗa guɗa. Ƙara da hayaƙi ya biya wa kuɗi, su aka ba shi, kuma idan ya koma gida babu mai tambayarsa ina naman.