Maigida, Ajiye Wuƙar Nan!

Wanda ya ƙera ƙaramin firij bai san Bahaushe ba. A lissafinsa, ɗan akwatin nan na sama, wato gidan ƙanƙara, na ƙulli biyu ne ko uku. Mu kuwa rumbu muka ɗauke shi. Naman layya yana ciki, markaɗen tumatir na lokacin araha yana ciki, ga zoɓon maƙwabciya da yaro ya kawo: "Wai in ji Mama, a ɗan sa mata ya yi sanyi." Wannan "ɗan" sai ya share wata uku.

Yara kuma suna buɗewa suna rufewa kamar ƙofar ɗakin amarya ranar buɗar kai. Duk buɗewa ɗaya, iska mai laima ta shige ta daskare a bango. Uwargida ta ƙara da tukunyar miya tana tururi, robar ƙofa kuma ta saki tun bara. Kafin ka ankara ƙanƙara ta yi tudu, ta haɗiye nama da ledarsa, inji yana ta gurnani, mita tana lashe kuɗi.

A nan ne maigida yake tuna cewa shi injiniya ne. Ya naɗe hannun riga ya ce, "Hajiya, miƙo min wuƙar yanka." Bai san a jikin farantin alminiyon nan na gidan ƙanƙara siraran hanyoyin gas ne a kwance ba. Sara ɗaya, sara biyu, a na uku sai ka ji "fsss!" Gida ya yi tsit. Da yawan firij na zamani gas ɗin R600a ne a cikinsu, mai kama wuta, amma gogan naka sai ya ce, "Ai da ma ya tsufa." Garin neman gira an rasa ido, mai gyara kuma ya samu na cefane.

Alhali aikin ba ya son ƙarfi. Da ƙanƙara ta kai kaurin rabin santimita, a zare soket, a kwashe kaya, a bar ƙofa a buɗe. A shimfiɗa tsumma a ƙasa, a ajiye kwanon ruwan zafi a ciki, ita da kanta za ta zubo. A goge ya bushe kafin a kunna. Abin dariya, idan aka ɗauke wuta kwana biyu kyauta ake yi mana wannan aikin, mu kuma mu wuni muna tsinuwa.

A kuma duba murfin akwatin. In tauraro ɗaya ne a jiki, sanyinsa digiri 6 ne ƙasa da sifili, nama mai dogon zama kuwa 18 yake so. Rago ba zai kai wata Sallar a nan ba. A soya shi, a ba maƙwabta nasu.

Maigida, mai haƙuri yakan dafa dutse, ƙanƙara kuwa ko dahuwa ba ta nema. Mayar wa Hajiya wuƙarta, albasa na jira.