Yadda Za Ka Ƙirƙiro Daular Fatake Kana Zaune a Unguwar Zariya

In kana cikin samarin da ke raba dare a fada suna rubuta labaran "da a ce", kuma ka sha alwashin ƙago wata daular 'yan kasuwa da ba a taɓa yi ba, ga shawara kyauta, kuɗin shayi kawai za ka biya.

Kada ka ba ta teku. Kowane sabon marubuci da ya ji labarin Dubai sai ya zana tashar jirgin ruwa. Maraɗi fa? Gulbi ma da rani yashi ne zalla, amma shekara da shekaru kwantenar da aka sauke a Kwatano ba ta ɓata hanyar nan ba.

Wanda zai kafa daular, ka tabbata korarre ne. Wanda ya ci yaƙi zama yake yi ya jira haraji. Wanda aka kora shi ke da dabara. Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ɗan Kasawa na gidan sarautar da aka kora ya zo ya kafa gadonsa a Maraɗi. Gobirawa ma, bayan kashin da suka sha a yaƙin Gawakuke a 1836, suka bi sarkinsu Mayaƙi suka yi Tsibiri nan kusa. Ka ga ke nan fada biyu a bakin gulbi guda, kowace da tamburanta. Kada ka yi garajen miƙa wa mutanenka sikeli. Bar su tukun su yi shekaru suna kai hari kudu, irin na zamanin Sarki Ɗan Baskore na Maraɗi. Jikokinsu za su bi hanyoyin nan da tirela.

Yanzu ga asirin. Daularka tana buƙatar maƙwabci babba, mai ɗimbin jama'a, mai son kaya, kuma wanda gwamnatinsa ke da sha'awar hanawa. Yau ta hana shigo da taba, gobe atamfa, jibi shinkafa. Kowace doka da ta fito, ka gina wa wani alhaji bene. Tsakaninku ka ja layi, amma ka ba baƙi biyu aikin, ɗaya daga Faris ɗaya daga Landan, su yi ta gyara shi tun daga 1890 har 1906, ta yadda wa zai kwana a Ɗan Isa ƙane ya kwana a Jibiya. Sauran aikin 'yan uwantaka za ta yi shi da dare. Nan ma ne "da a ce" ɗinka zai yi armashi: gusa layin nan arewa kaɗan, sai Maraɗi ta zama ƙaramar hukuma a jihar Katsina, alhazanta suna zuwa wani garin sarin shinkafa.

Lokaci-lokaci ka sa maƙwabcin ya rufe iyaka gaba ɗaya, kamar 1984 da 2019. A shafin farko kowa ya yi kuka. A na biyu farashi ya tashi, baburan 'yan ruwa-ruwa su fito da jarkokin fetur shida-shida. Sai dai ka rubuta wannan babin da tsoron Allah, don talaka ne ke jin jiki; ka tambayi tsofaffi abin da ya sa yunwar 1984 take da sunan mutum.

Kuɗi kuwa, kada ka wahalar da kanka zana sabuwar tsaba mai hoton sarki. Ka ba su iri biyu, naira da sefa, ka zaunar da ɗan canji a ƙofar kasuwa da jaka a cinya. Ran da ɗaya ya faɗi, kamar yadda aka raba darajar sefa biyu a Janairun 1994, kayan sai su juya su koma inda suka fito.

Ya kamata dai ƙasar ta noma wani abu, ko don kunya. Gyaɗa ta yi wa Maraɗi wannan hidima har farin 1973 ya karya ta. Ka ƙara da jar akuya saboda fatarta, da zogalen Jiratawa saboda mutanenka su ci kwaɗo. Ka aiko da ambaliya guda, irin ta 1945 da ta sa garin ya hau tudu, don ka samu filin yanka sababbin unguwanni. Ɗaya ka raɗa mata sunan wani birni na maƙwabcin, kamar Zariya, masu wasiƙa su sha wuya.

Jirgin ƙasa ka ajiye shi sai littafi na biyu. An aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284. Ka sa sarkinka ya yi jawabi, a yanka sa, a yi hoto. Kafin jirgin ya iso, fatomanka ya riga ya sayi filayen da ke kewaye da tashar, ya kuma aurar da 'yarsa ga ɗan mai awo.