Mai Tsaron Sikeli

Onarabul ɗin da zan ba ku labarinsa ba na jiharku ba ne, don haka kada wani ya tsargu. Malamin firamare ne a da, mai tsohon keke da alli a aljihu. Ya yi kansila, ya yi sakataren jam'iyya a ƙaramar hukuma, sai guguwar "sak" ta 2015 ta ɗauke shi ta dire a majalisar dokokin jiha. A 2019 ya koma.

Hannunsa a sake yake, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ragon suna, kuɗin magani, buhun gero da azumi, da rijiyar burtsatse mai allon hotonsa wanda ya fi tankin girma. A zauren majalisa kuwa, shekara takwas ba a jin muryarsa sai in Kakaki ya ce masu goyon baya su amsa. Nan kam ba a riga shi. Tsarin Mulkin 1999 ya ce majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 128 kuma ya ba ta ikon bin diddigin kuɗin da ta amince a kashe. Zaman ba ya wuce shi. Binciken ne bai ga dalilinsa ba, tunda Maigirma Gwamna uba ne, ɗa kuwa ba ya lalube aljihun ubansa. Ba kansa farau ba: a gyaran tsarin mulki na 2010 an miƙa wa majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu, aka rasa 24 cikin 36 da za su ce suna so.

Ana saura 'yan makonni zaɓen 2023 ya zo ƙauyensu neman zango na uku. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, maroƙi ya riƙe lasifika. Da aka gama jawabai sai aka ce tsohon hedimasta, wanda ya koya masa riƙe fensir, ya sa albarka.

"Onarabul, ɗana, ni ban iya jawabi ba, sai labarin da. Zamanin gyaɗa, lokacin da ake gina dala da buhuna a Kano jirgin ƙasa yana kwasa zuwa Ikko, mu nan a kan jakuna ake kai ta kanti. Mai saye shi ke da sikeli, shi ke karanta lamba, shi ke rubutawa. Iyayenmu ba su san boko ba. Sai dai sun ga kowace kaka gyaɗa na ƙaruwa, kuɗi na nan jiya i yau. Suka haɗu suka zaɓi wani saurayi da ya yi elemantare, suka ce aikinka ɗaya: ka tsaya gaban sikeli, in allura ta nuna abu aka faɗi wani, ka yi magana. Kowane gida kwanon gyaɗa guda, ladansa ke nan.

"Shekarar farko ya yi magana. Mai saye gogagge ne, bai yi faɗa da shi ba. Cewa ya yi mai ilimi ba ya tsayuwa a rana, a kawo masa kujera. Kujerar kuwa a bayan sikeli aka ajiye ta, inda ba a hango allura. Bayan kujera sai babbar riga, bayan riga sai keke sabo fil. Daga nan ko me aka kira, sai ka ji daga inuwa an ce, 'Daidai ne!' Har ta kai tun ba a gama ɗora buhu ba ya amsa."

Rumfa ta kece da dariya. Onarabul har da buga cinya.

"Kada fa ku zage shi, yaron kirki ne. Duk ranar kasuwa sai ya bi gida-gida da goro da gishiri. Mahaifiyata har ta rasu tana sa masa albarka kan ƙullin gishiri, ba ta taɓa lissafa kwano nawa ta baro a kanti ba. Mu ma da muka tasa muka gane, shiru muka yi, don wanda ya buɗe baki ana tsallake gidansu ranar rabo."

Wani matashi daga baya ya ɗaga murya: "Malam, to yaya aka ƙare?"

"Ba a ƙare ba, gyaɗar ce ta ƙare. Fari ya zo a 1973, cuta ta bi gonaki a 1975, mai saye ya loda sikelinsa a mota ya ƙara gaba."

Onarabul ya miƙe ya gyara hula. "Malam, Allah ya ƙara girma. Wallahi wannan mutum ya ci amana. Irinsu ne suka hana ƙasar nan ci gaba." Aka yi tafi raf-raf. Ya ƙifta wa yaronsa ido, aka zura wa tsoho ambulan a aljihu, cike da sababbin takardun naira, a lokacin da mutane ke kwana a layin banki suna neman dubu biyu. Malam ya shafa ya ji kaurinta, ya ce Allah ya yi albarka. Bai mayar ba, ni kuma ban ga laifinsa sosai ba, fansho ya daɗe bai leƙo ba.

Samari sun ɗan tsaya gindin dalbejiya suna zancen kiranye: sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu, sannan hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ɗaya ya ce wane irin kiranye, ga zaɓe a bakin ƙofa? Suna cikin haka motar taliya da atamfa ta iso, taro ya koma can.

Ranar 18 ga Maris ya cinye akwatin ƙauyen. A watan Yuni aka rantsar da su, Kakaki ya ba shi shugabancin kwamitin kasafin kuɗi, ya ce mutum ne da ba a taɓa jin ya jinkirta wa gwamnati aiki ba.