Tsegumi: Asirin da Ke Ƙarƙashin Hular Kaboyi

Ku matso kusa, maganar yau ba ta lasifika ba ce.

Ranar Asabar na kai rediyona gyara wurin wani dattijo da har gobe kaset ɗin Don Williams ne abokin hirarsa a shago. Na tarar ana kai ruwa rana tsakaninsa da ɗan ƙanensa, wani yaro mai baƙar riga da ya haukace a kan kiɗan rok. Yaron ya ce, "Baba, wannan mutumin naka fa waƙar aro yake yi, rubuta masa ake." Dattijo ya ajiye sukundireba, ya leƙo shi ta saman tabarau, ya ce, "Kai, tun ubanka na yawo ba wando nake jin mutumin nan."

Ni dai na yi gum, don na san yaron bai faɗi ƙasa ba gaba ɗaya. "You're My Best Friend" da ke tashi a shagon lokacin, Wayland Holyfield ne ya rubuta ta. "The Gambler" ta Kenny Rogers, wadda dattawanmu ke rantsuwa da ita, wani saurayi ne mai suna Don Schlitz ya tsara ta yana ɗan shekara 23. "Islands in the Stream" kuwa, da Kenny ya yi da Dolly Parton a 1983, aikin 'yan Bee Gees ne. A birnin Nashville na jihar Tennessee wannan ba abin kunya ba ne. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, su shiga ofis da safe kamar ma'aikatan gwamnati, su biyu ko uku da jita da kofi, kafin azahar sun fito da waƙa, sai a kai ta kasuwa a ga mai hular da za ta dace da muryarsa.

To, a nan ne masoya rok ke ɗaga hanci. A wurinsu wanda bai rubuta da hannunsa ba, aku ne kawai. Wannan ɗaga hancin ne ya jawo wa Damon Albarn na ƙungiyar Blur ruwan dafa kansa a Janairun 2022. (E, shi ɗin dai, abokin aikin marigayi Tony Allen, makaɗin Fela.) Ya gaya wa jaridar Los Angeles Times cewa Taylor Swift ba ita ke rubuta waƙoƙinta ba, wai rubutun haɗin gwiwa ba ya cikin lissafi. Kafin ya sha ruwa yarinyar ta mayar masa da martani a Twitter, masoyanta suka yi masa ca kamar ƙudan zuma, suna tuna masa cewa kundinta na Speak Now na 2010 ita kaɗai ta rubuta shi tas. Rana ba ta faɗi ba sai da ya ba da haƙuri.

Amma tsegumin da na fi so a wannan fage na uwar gayya ne, Dolly Parton. A 1973 ta rubuta "I Will Always Love You" don sallama da ubangidanta Porter Wagoner. Ba waƙar miji da mata ba ce, waƙar barin aiki ce, ku ji fa! Elvis Presley, sarkin rok ɗungurungum, ya ji ta ya ce yana so ya rera. Dolly ta cika gari da murna. Ana dab da shiga situdiyo sai manajansa, Kanal Tom Parker, ya bugo waya: ƙa'idarsu ita ce sai an sallama musu rabin mallakar waƙar. Ta ce a kai kasuwa. Da bakinta ta faɗa cewa kwana ta yi tana kuka, mutane na ce mata ta zautu. Shekaru suka shuɗe, Whitney Houston ta ɗauki waƙar a 1992 a fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 tana ta ɗaya a Amurka, kuɗin marubuci kuwa ya riƙa kwarara aljihun Dolly ba tare da Kanal ya ga ko sisi ba. Har ta ce da ribar ta sayi ginin ofisoshi a unguwar baƙar fata a Nashville. Shi kuma Elvis ɗin da 'yan rok ke yi wa kirari, rubuta masa ake yi.

Da aka sa sunan Dolly cikin 'yan takarar shiga zauren girmama 'yan rok a 2022, ta ce a cire ta, ba ta cancanta ba. Aka ƙi. Sai ta ce tunda abin ya zama haka bari ta biya bashi, ta saki kundin Rockstar a 2023, waƙoƙi 30, da su Paul McCartney da Ringo Starr a ciki. A ganina ya yi tsawo, rabinsa ma ya isa, amma wa zai gaya mata?

Su ma masu hula ba kanwar lasa ba ne wajen tsare ƙofa. Beyoncé ta fito da Cowboy Carter a Maris 2024, masu kyautar kiɗan kantiri ta CMA suka yi kamar ba su ji ba, ko suna ɗaya ba su sa mata ba. Fabrairun 2025 Grammy ta miƙa mata kyautar kundin shekara da ta kundin kantiri a dare ɗaya. Har yanzu wasu a Nashville ba su gama haɗiye wannan ba.

Mu koma shago. Da na ga yaron ya fara fiffika, sai na tambaye shi wace ƙungiya ya fi so. Ya bugi ƙirji ya ce Led Zeppelin. Na ce, "Ɗana, je ka duba sunayen marubutan 'Whole Lotta Love'. Za ka ga Willie Dixon, tsohon mawaƙin bulus. Sai da ya maka su a kotu a 1985 kafin sunansa ya hau." Yaron ya zaro waya yana dannawa, bai ƙara cewa uffan ba. Dattijo ya juya kaset, ya ƙara murya, ya kuma rage mini naira ɗari biyu a kuɗin gyara.