Murya Ma Ta Zama Makulli

Tun da aka kawo BVN a 2014, yatsa ne shaidar mutum a banki. Sai aka tarar fartanya ta riga na'ura, ta cinye zanen yatsun manoma. Yanzu masu haɗa manhajar intanet sun ce yatsa ya huta, murya za ta buɗe asusu. Ka yi magana, kwamfuta ta gwada da wadda ta adana, ta ce kai ne.

Madalla. Amma ko an gaya musu ana hunturu a Dutse? A Janairu rabin gari na fama da mura, murya duk ta dishe. Alhaji zai tsaya a kasuwar Shuwarin, injin niƙa na ruri, awaki na kuka, yana ta rantse wa waya cewa wallahi shi ne. Waya ta ce a sake.

Amarya kuwa, in surukarta na tsakar gida, muryarta ba ta wuce leɓe. Asusu a rufe sai Hajiya ta fita unguwa.

Mutum ɗaya ne kakarsa ta yanke saƙa: ɗan autan nan da ya ƙware wajen kwaikwayon muryar babansa, har da gyaran murya.