Ranar Da Na Kira Malam Jaki

Mu Hausawa Allah ya hutar da mu. In za ka kai maganar wani, sai ka ɗora mata "wai" a ka, ka kama gabanka. Bature kuwa sai ya kwance jimla kamar injin babur, kuma ya ce kai za ka mayar da kowane noti mazauninsa.

Muna shekarar ƙarshe a sakandare, WAEC ta ƙarato, malamin Turanci ya shigo da darasin mayar da maganar da aka ruwaito zuwa yadda ta fito daga bakin mai ita. Ya ce a kori "that", a buɗe alamar zance, "was" ta koma "am" ko "are", "the next day" ta zama "tomorrow", "there" ta dawo "here". Ni ina kujerar baya ina fama da gyangyaɗi, kunu na aikinsa.

Sai ya rubuta a allo: The boy told the man that he was a donkey. Ya nuna ni da alli. "Kai, tashi! Ka ɗauka kai ne yaron, ni ne mutumin. Faɗa mini da ƙarfi."

Ashe wannan "he" munafuki ne, ba a san gidansu ba. Yana iya zama yaron, yana iya zama mutumin. Na ce a raina, wa zai kira kansa jaki da hankalinsa? Na dubi Malam ido cikin ido, na ware murya: "You are a donkey!"

Daidai lokacin shugaban makaranta ya leƙo ta taga.

Aji ya yi tsit. Malam dariya ta shaƙe shi, ya kasa buɗe baki ya cece ni. Kafin ya farfaɗo, an ja ni da kunne har ofis.

"Me ka ce wa malaminka?"

"Ranka ya daɗe, cewa na yi wai shi jaki ne."

"Wai? Wa ya gaya maka?"

"Shi ne da kansa ya rubuta a allo."

Garin neman gira na rasa ido. Aka miƙa mini langalanga, na wuni ina saran ciyawa a bayan ɗakin kwana, har Malam ya je ya yi bayani bayan la'asar, bororo ya riga ya cika mini tafin hannu.

Mako biyu bayan haka, jimlar nan ta sake fitowa a gwajin aji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na buɗe alamar zance a tsanake, na rubuta: "I am a donkey."

Malam ya ba ni cikakken maki. A gefe kuma, da jan biro, ya ƙara kalma biyu, da Hausa don kada in yi kuskuren fassara: "Na shaida."