Liƙi ta Waya

A zamanin Sarki Tanimu, kakaki da tambari sun wadatar a ƙofar fadar Damagaram: in an busa, daga Birni har Zango kowa ya san Sarki ya fito. Yau mawaƙi a Zinder sai ya jera lasifika shida, amma na sahun gaba ma ba sauraro suka zo ba. Kowa ya ɗaga waya sama, yana kallon wasan ta cikin gilashi, alhali mawaƙin na gabansa taku uku.

Tafi ya yi ƙaranci, don hannu ɗaya ba ya tafi, ɗayan kuwa na ɗaukar bidiyon da za a tura WhatsApp, wanda ba mai buɗewa saboda tsadar data.

Liƙi ma ya shiga zamani. Da, Alhaji zai taso da babbar riga, ya manna jika a goshin mawaƙi, duniya ta shaida. Yanzu sai ya ce, "Na turo ta waya." Sanƙira ya duƙufa yana jiran saƙo ya shigo, kirari ya tsaya cak a "Ɗan…", don ba a wasa mutum bashi. In rezo ya yi nauyi, sai Alhaji ya koma gida ba asali.

Sai an ɗauke wuta ake gane gwani. Wata rana da aka ɗauke, lasifika ta yi tsit, mai kalangu ya ci gaba abinsa, jama'a kuma suka haska masa da fitilun wayoyi, ranar nan kaɗai wayar ta yi wa wasa amfani.